Gansakuka a Kwandon Jaririya: Sharhi Kan Littafin Harshen Furanni

Duk shekara idan watan Mayu ya tsaya, akwai wani jeri da yakan riƙa yawo a wayoyinmu. Sunayen furanni ne, kowanne da ma'anarsa a gefe: wannan godiya, wancan haƙuri, na can kuma ƙaunar uwa. A ƙasan jerin sai a ce ka zaɓi uku ko huɗu ka haɗa ƙunshi, ka kai wa mahaifiyarka, furannin za su faɗa mata abin da bakinka ya kasa furtawa. Amurkawa suna bikin ranar uwa a Lahadi ta biyu ta watan, Faransawa kuma galibi a Lahadin ƙarshe, saboda haka mu da muke zaune tsakanin harsunan biyu jerin yakan iso mana sau biyu.

Akwai ƙagaggen labari da aka gina kacokan a kan wannan tunani. Sunansa The Language of Flowers, wato Harshen Furanni, na marubuciyar Amurka Vanessa Diffenbaugh, wanda ya fito a 2011. Ni fassararsa ta Faransanci na karanta, mai suna Le Langage secret des fleurs. A bayan littafin an maƙala ɗan ƙamus na furanni da ma'anoninsu, irin jerin nan da ke yawo a waya. Abin da nake son nunawa a wannan sharhi shi ne labarin ya fi ƙamusun da ke bayansa hankali, kuma a wuraren da ya fi ƙarfi ƙaryata ƙamusun yake yi. Wanda bai karanta ba ya yi mini haƙuri, zan tona ƙarshen labarin, domin hujjata tana can.

Labarin a taƙaice

Tauraruwar ita ce Victoria Jones, kuma da bakinta ake ba da labarin. Ba ta san uwa ba, ba ta san uba ba. Tun tana jaririya take hannun hukuma, ana kai ta wannan gida riƙo, a dawo da ita, a kai ta wancan. Ranar da ta cika shekara 18 doka ta sallame ta, ba a daɗe ba ta koma kwana a wani lambun shaƙatawa na birnin San Francisco, inda take shuka furanninta a ɓoye. Wata mai shagon furanni da ake kira Renata ta ga hannunta, ta ɗauke ta aiki. A kasuwar furanni ta haɗu da Grant, saurayi manomin fure, wanda ya san harshen da take zaton ita kaɗai ta rage mai jin sa.

Babi-babi labarin yana komawa baya, lokacin da take shekara 9, aka kai ta gidan Elizabeth, wata mata mai gonar inabi da ke zaune ita kaɗai. Elizabeth ce ta koya mata ma'anonin furanni, ita ce kuma mutum ta farko da ta ƙi mayar da ita duk da tsiyar da ta shuka. Ranar da za a je kotu a tabbatar da riƙon ya zama na har abada, Elizabeth ta kasa tashi daga gado, saboda wata tsohuwar gaba tsakaninta da 'yar uwarta Catherine, mahaifiyar Grant, da ke cin ranta. Yarinya ta ɗauka an sake yar da ita. Ta cinna wa gonar inabin wuta, ta bar laifin ya faɗa kan wasu, hukuma ta ɗauke ta. Shekaru bayan haka ta sami ciki da Grant, ta haifi mace, ta kasa renon, ta shimfiɗa gansakuka a kwando ta sa jaririyar ta kai ta gidan uban ta ajiye. Daga baya ta tarar Elizabeth ce ke renon yarinyar, an kuma sa mata suna Hazel, sunan wata bishiya da ƙamusun ya ce tana nufin sulhu.

Ke nan labarin uwaye ne iri uku a jikin mace ɗaya: uwar da ta haife ta ta tafi, uwar riƙon da ta so ta amma ta gaza a rana ɗaya, da ita kanta da ta zama uwa ba tare da ta taɓa ganin yadda ake yi ba.

Asalin harshen

Kafin a auna littafin, ya kamata a san inda wannan harshe ya fito, domin marubuciyar ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Masu tarihi sukan fara da wata Baturiyar Ingila, Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan ƙasarta a daular Usmaniyya. A wata wasiƙa da ta rubuta daga Santambul a 1718, wadda aka buga tare da sauran wasiƙunta a 1763, ta ba da labarin wani wasa na Turkawa. Akan ƙunsa ƙananan abubuwa a aika wa mutum, kamar lu'ulu'u, kanumfari, barkono, zare ko fure, shi kuma sai ya tuno baitin da ya yi amsa-amo da sunan abin. Wasan ƙafiya ne, wanda duk mai sauraron waƙa zai gane. Saƙon yana cikin sunan abin a bakin Baturke, furen kansa bai ɗauke da komai. Da labarin ya shiga Turai, ƙafiya ba ta fassaruwa, sai aka yar da ita, aka riƙe furen aka liƙa masa ma'ana.

A 1819 aka buga Le Langage des fleurs a birnin Paris, da sunan aro na Charlotte de Latour. Littafin ya karɓu, aka yi ta kwaikwayonsa a Ingila da Amurka har ƙarni ya kusa ƙarewa, ciki har da na mai zane Kate Greenaway na 1884. Kowane marubuci yakan kwafi na baya, ya ƙara, ya rage, ya sauya inda ma'anar ta yi wa mutanen ƙasarsa tsauri. Beverly Seaton, wadda ta bi diddigin waɗannan littattafai ta wallafa tarihinsu a 1995, ta tarar da cewa hujjar da ke nuna mutane sun yi amfani da harshen a rayuwa ta yau da kullum 'yar kaɗan ce ƙwarai. Littattafan kyauta ne masu kyawawan zane, ana ba 'yan mata, su ajiye a falo.

Wannan yana da muhimmanci ga sharhinmu. Harshen da Elizabeth ta damƙa wa Victoria a matsayin gaskiya tsagwaronta, wadda ba ta sauyawa, haɗe-haɗen masu buga littafi ne. Abin yabo ga Diffenbaugh shi ne ba ta ɓoye haka ba, ta ma mai da shi ƙashin bayan labarinta.

Ƙaya a takalmi

A ganina fitowar da ta fi kowace kyau a littafin tana farkon zaman Victoria a gonar inabi. Yarinyar tana son a kore ta tun kafin ta saba, don haka ta tsinko ƙayoyin kaktus, tsiron hamadar nan mai ƙaya, ta zuba a takalmin Elizabeth. Matar ta taka. Maimakon duka ko kiran hukuma, sai ta gaya wa yarinyar cewa a harshen furanni kaktus na nufin zazzafar ƙauna, idan ƙiyayya take son faɗa to ta zaɓi tsiron da ba shi ba. Daga nan yarinyar ta nemi sanin wane tsiro ne ke faɗin ƙin mutane, aka nuna mata wata ciyawa mai ƙaya, 'yar uwar ƙarangiya a hali, wadda sunanta ya zama kan kashi na farko na littafin.

A duba abin da ya faru a nan. Wannan ita ce kyautar tsiro ta farko da 'ya ta ba uwa a labarin, kuma da mugun nufi aka ba da ita. Wadda aka ba ita ce ta yanke ma'anar. Elizabeth ta san sarai abin da yarinyar take nufi, ƙafarta ma ta shaida, amma ta zaɓi ta karanta saƙon ta wata fuska, ta fake da ƙamus. Kowace uwa ta san wannan dabara. Yaro ya kawo mata tuwon ƙasa a ƙoƙo, ta kai baki kamar tana ci, ta ce ya yi daɗi. Idan akwai darasi ga mai haɗa wa mahaifiyarsa ƙunshin furanni, to a wannan fitowa yake: rabin ma'anar yana hannun mai karɓa, kuma tun kafin ka iso ta riga ta shirya karanta ka da alheri.

Wuri na biyu shi ne ɗakin karatu. Victoria da Grant sun fara zance ne da tsirrai. Ta miƙa masa wani fure mai nufin ya yi hattara, shi kuma ya mayar mata da kauci, wanda a ƙamusun Turawa yake nufin babu shingen da ba zan tsallake ba. Mai karatu Bahaushe dole ya murmusa a nan, domin a wurinmu saurayin da ya miƙa wa budurwa kauci sai dai a fara tambayar wane malami ya aiko shi. Daga baya ya ba ta hoton wata bishiya da ba ta san ma'anarta ba, ta tafi ɗakin karatu nema. Can ta tarar da abin da ya girgiza ta: littattafan ba su yarda da juna ba. Ruwan ɗorawar wardi, a wani littafi cin amana ne, a wani kuma kishi. Fure ɗaya, ma'ana biyu, wani lokaci ma masu karo da juna. Abu ɗaya tilo da ta dogara da shi a duniya ya zama ra'ayin mutane.

Maganin da su biyun suka samo shi ne zuciyar littafin. Suka zauna suna bin furanni ɗaya bayan ɗaya, suna gardama, suna zaɓar ma'ana guda, tana ɗaukar hoto tana rubutawa a kati, akwati biyu, ɗaya nata ɗaya nasa. A cikin wannan gardama soyayyarsu ta tsiro. Harshen ya fara aiki ne ranar da mutum biyu suka amince da shi tsakaninsu. Ƙamusun da aka buga a bayan littafin shi ne wannan na Victoria, wato yarjejeniya ce tsakanin masoya biyu na cikin labari. Wanda ya kwafe shi ya kai wa tsohuwarsa, tamkar ya tsinci wasiƙar wasu ne a hanya ya sa hannu a ƙasa.

Gansakuka

Kashi na uku na littafin sunansa gansakuka, domin ita ce alamar ƙaunar uwa a ƙamusun. Wannan kalma ita ce mafi kusa da muke da ita, amma hoton da take kawo mana daban ne. Gansakukarmu ita ce koren nan mai santsi da ke fitowa a jikin randa, a bakin rijiya, a gindin bango da damina. Alama ce ta ƙazanta da sakaci, kuma uwa ce ke sa a kankare ta. A ƙasashen sanyi kuwa tana yin kauri da laushi kamar darduma, tana tsotse ruwa, tana riƙe ɗumi. Tsofaffin littattafan harshen furanni sun faɗi dalilin ma'anar: tsuntsaye suna shimfiɗa ta a sheƙa, matan Lapland a can ƙuryar arewacin Turai kuma suna shimfiɗa wa jariransu ita. Ma'anar daga aikin reno ta fito. Da a ƙasarmu aka rubuta ƙamusun, zanen goyo ne ko majanyi zai hau wannan gurbi.

Babin haihuwa da jego su ne mafi gaskiya a littafin. Marubuciyar ba ta yi wa uwa kwalliya ba. Jaririya tana kuka dare da rana, nono yana ciwo, mai jego ba ta barci, ba ta da uwa ko gwaggo da za ta karɓe ta. Ungozoma da sauran mata sun zo kwanakin farko sun watse. Duk wadda ta san abin da zaman wankan jego a gida yake tare wa mace za ta karanta waɗannan shafuka da tausayi, domin hoton mai jego ne da aka bari ita kaɗai tsakanin bango huɗu. Da Victoria ta shimfiɗa gansakuka a kwando ta ajiye 'yarta, alamar ta yi aiki mai nauyi, domin tana cewa ina son ki a daidai lokacin da hannuwanta ke aikata abin da ya yi kama da kishiyar haka.

Inda na rabu da marubuciyar shi ne fassarar da ta rufe littafin da ita. Ta ce gansakuka ba ta da saiwa, saboda haka ƙaunar uwa ma tana iya tsirowa a zuciyar da ba a taɓa shuka mata ita ba. Magana ce mai daɗi, kuma na san dalilinta: Diffenbaugh da kanta ta riƙi yaran hukuma, tana son ta gaya musu cewa tarihinsu bai yanke musu hukunci ba. Amma labarin da ta rubuta bai goyi bayan maganar ba. Victoria ba daga sama ta koyi komawa ga 'yarta ba. Ta sami shekara guda a hannun Elizabeth, ta sami Renata da ta ba ta aiki da ɗaki ba tare da tambaya ba, ta sami tsohuwar ungozoma, mahaifiyar Renata. A nan gansakukar Bahaushe ta fi ta marubuciyar faɗin gaskiya. Mun sani ba ta da saiwa, mun kuma sani ba ta fitowa a busasshiyar tukunya. Sai inda ruwa ya daɗe yana zama. Masu hikima suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa ya bauɗe wa tarbiyya, amma ko albasar sai da ruwa ta yi.

Inda littafin ya yi tuntuɓe

Babban raunin littafin yana cikin shagon furanni. Masu saye suna zuwa da damuwa, Victoria ta haɗa musu ƙunshi, bayan kwanaki su dawo suna murna: matar wani dattijo da ta yi sanyi ta warware, mai neman miji ta samu, aure ya gyaru. Akasarin waɗanda aka kai wa furannin ba su san ma'anarsu ba. To ta yaya saƙon ya isa? A nan fure ya tashi daga harshe ya koma laya, Victoria kuma ta zama boka mai shago. Marubuciyar ta yi ƙoƙarin rufe ɓarakar da cewa wanda ya faɗi abin da yake so a fili ya riga ya fara samun sa, amma yawan dacen ya wuce hankali. Littafin da ya koya mana a ɗakin karatu cewa alama yarjejeniya ce, shi ne kuma ya dawo yana sayar mana da ita a matsayin magani. Ina zargin wannan ɓangare ne ya fi sayar da littafin, shi ne kuma ke ciyar da jerin da ke yawo a waya.

Rauni na biyu Grant ne. Haƙurinsa ba shi da iyaka, kuma ba a nuna mana inda yake samo shi ba, alhali shi ma ya taso a hannun uwa mai taɓin hankali. An halicce shi ne don ya jira. Haka nan yadda duk zaren labarin ya koma gona ɗaya da dangi ɗaya ya yi kama da ɗinkin da aka ja da ƙarfi don riga ta rufe.

Duk da haka labarin ya ceci kansa a wuri mafi muhimmanci. Da lokaci ya yi da Victoria za ta nemi gafarar Elizabeth, ta san fure nawa ne ke nufin nadama, amma takarda ta ɗauka ta rubuta da kalmomi cewa ita ce ta sa wutar. Amsar ma da kalmomi ta zo. Bayan shafuka ɗaruruwa na zancen tsirrai, abin da ya fi nauyi tsakanin 'ya da uwa sai da aka faɗe shi ƙarara. Victoria ta daɗe tana son harshen furanni ne saboda yana ba ta damar zagin mutane ko son su ba tare da sun gane ba. Mafaka ce ta mai tsoron amsa. Girmanta a labarin shi ne fitowa daga mafakar.

Farin furen Anna Jarvis

Tarihin ranar uwa kansa yana ba da irin wannan shaida. Anna Jarvis ta rasa mahaifiyarta a 1905. A watan Mayu na 1908 ta shirya taron tunawa a wani coci da ke garin Grafton na jihar West Virginia, ta aika da fararen furannin kaneshan guda 500, furen da ƙamshinsa ke kama da na kanumfari. Dalilin zaɓinta shi ne furen da mahaifiyarta ta fi so ke nan. A 1914 shugaba Woodrow Wilson ya ayyana ranar a matsayin ta ƙasa. Masu sayar da fure suka ga kasuwa, farashin farin kaneshan ya tashi, sai aka yaɗa sabuwar ƙa'ida: ja ga wanda uwarsa ke raye, fari ga wanda tasa ta rasu. Jarvis ta ƙarar da sauran rayuwarta da dukiyarta tana yaƙi da 'yan kasuwar, har aka taɓa kama ta a 1925 a birnin Philadelphia saboda tayar da hayaniya a taron wata ƙungiya mai sayar da furen. Ta rasu a 1948 ba ta da komai.

Ƙunshin furanni mafi shahara da aka taɓa haɗawa don uwa, 'ya ce ta haɗa shi daga abin da ta sani game da uwarta. Ƙamus ya biyo baya, kuma masu riba ne suka rubuta shi.

Mai karatu Bahaushe

Me ya rage mana a littafin, mu da ba mu taso da kyautar fure ba? Jack Goody, masanin al'adu ɗan Ingila da ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya buɗe littafinsa The Culture of Flowers na 1993 da tambayar ko babu furanni a Afirka. Ya lura cewa mutanen da ya zauna da su ba sa shuka fure don ado, ba sa kai shi wurin biki ko makoki. Akwai gaskiya a ciki. Manomi yana duban furen wake, na gyaɗa da na auduga a matsayin alkawarin amfani, wanda ya tsinke shi ya yi ɓarna. Furen ado ma da kalmar aro muke kiran sa, fulawa, sunan da yake rabawa da garin burodi.

Amma magana da abubuwa ba baƙuwarmu ba ce. Goro yana gayyata, yana neman aure, yana ba da haƙuri. Mata sun san atamfar da sunanta habaici ne, a ɗaura ta a gaban kishiya ba tare da an ce uffan ba, kuma wannan ya fi kusa da wasan Turkawa na asali fiye da duk ƙamusun Turai. Sannan muna da kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, sau da yawa ma bayan yaye kaka ko gwaggo ce ke ɗauke shi. Ɗan da ya girma a haka ba ya iya tsayawa gaban Inna ya ce ina ƙaunarki, sai dai turmin zane, turare ko buhun hatsi su yi magana. Littafin Diffenbaugh shiru iri ɗaya ya sani, na wanda aka cuta. Mu mun san wani shirun da ladabi ne, kuma cike yake.

Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Riƙo ma namu ne, kuma ba kowace 'yar riƙo ce ta dace da Elizabeth ba. Akwai yarinyar da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, wadda shirunta irin na Victoria ne, mu kuma muna kiran sa kunya don mu huta da tambaya. Wannan ne wurin da littafin ya taɓa ni fiye da duk zancen furanni, shi ne kuma abin da nake fatan marubutanmu za su ɗauka daga gare shi. Jan wardi ya riga ya cika littattafanmu na soyayya. Labarin 'yar riƙo daga bakinta, ba tare da an mai da ita ko dai waliyyiya ko muguwa ba, shi ne bai wadata ba.

Wanda kuma ya ƙudurta sai ya kai wa mahaifiyarsa ƙunshi, shawarar da na tsamo daga littafin ita ce ya rufe jerin wayar ya tuna tsohuwar. Me ta shuka a bayan ɗaki? Me ta tsinka ta sayar ta saya masa littafin makaranta? Wataƙila reshen lalle ne mai fure, wanda ƙamshinsa zai mai da ita gidan da ta taso. Wataƙila zogale ne da fararen furanninsa, ko jan zoɓon da ta yi shekaru tana jiƙawa tana ƙullawa a leda. Dashe a tukunya ya fi yankakken fure dacewa da macen da ba ta son ganin ɓarna. Idan ya miƙa, ya durƙusa ya faɗi dalili da bakinsa, ko da jimla ɗaya ce: Inna, na tuna da wannan kika biya mini kuɗin jarrabawa. Mai yiwuwa ta kawar da kai ta ce Allah ya yi albarka, ta aiki wani yaro ya kai tukunyar inuwa. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, waɗanda suka haife mu da waɗanda suka riƙe mu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.